Miyau da Kunun Zaƙi

A ƙauyukan ƙasar Dambatta da Bichi, inda gona ke manne da gona, gero da dawa su ne abinci. Amma tuwo ba ya zama ƙarfin jiki sai ya narke. Aikin nan kuwa tun daga baki yake farawa.

Idan yaro ya daɗe yana tauna lomar tuwo ba miya, zai ji ta soma zaƙi. Dalili kuwa, a cikin miyau akwai wani sinadari mai farfasa sitacin hatsi ya mai da shi sukari. Masana suna kiran irinsa enzayim. Akwai waɗansu a tumbi da hanji, kowanne da abincin da yake narkarwa.

Sinadarin nan ɗumi yake so. Ya fi sauri a zafin jikin mutum, watau digiri 37. In sanyi ya yi yawa, sai ya yi nawa kamar mai barci, in ya sami ɗumi ya farka. Shi ya sa ƙadangare, wanda jikinsa ke bin zafin gari, yakan sha hantsi lokacin hunturu, don abincinsa ya narke. Amma ruwa mai tafasa, digiri 100, lalata sinadarin yake yi ƙaf. Ba ya gyaruwa kuma, kamar yadda dafaffen ƙwai ba ya komawa ɗanye.

Mata masu kunun zaƙi sun daɗe da sanin wannan a aikace. Sukan sheƙa tafasasshen ruwa a kan gasara ta yi kauri, sa'an nan su dakata ta sha iska. Daga nan su zuba niƙaƙƙen dankali ko tsiron hatsi, gama su ma suna da irin sinadarin nan. Kafin gari ya waye kunu ya tsinke, ya yi zaƙi. Wadda ta yi garaje ta zuba tun yana tafasa, ta kashe sinadarin, kununta ya tashi salam, ga masu girbi suna jira a gona. Sauri ya haifi nawa ke nan.

A shekarar 1833 wani masani a Faransa, Anselme Payen, da abokin aikinsa suka fara ware sinadarin nan daga tsiron sha'ir.

Tambayoyi
1. Me ke sa tuwo zaƙi a baki?
2. Ina bambancin aikin sanyi da na tafasa?