Inda Tsumma Ba Ya Kaiwa

Mai mota a Damagaram ba sai an ba shi labarin hunturu ba. Ka wanke ta da hantsi, kafin la'asar yaran unguwa sun sami allon rubutu a gilashin baya. Shi ya sa yawancinmu ba ma rabuwa da tsumma a ƙarƙashin kujera: da safe a karkaɗe, a goge, a tayar. Ni ma haka na yi shekara da shekaru, har sai da na ga abin da na jawo wa tsohuwar Corolla tawa.

Ƙurar da ke sauka mana daga Nuwamba zuwa Fabrairu, wani kaso nata daga kwarin Bodele take tasowa, can arewacin Chadi, inda gindin wani tsohon babban tafki ya ƙafe. Sauran kuwa rairayinmu ne na gida. A ido gari ce mai laushi, amma akwai ɓarɓashin farin dutse a cikinta wanda taurinsa ya fi na gilashi, balle fenti. Fentin da mota ke fitowa da shi daga kamfani, duk da hawa-hawansa, kaurinsa bai wuce na fallen takarda ba sai da kaɗan, kusan kashi ɗaya cikin goma na milimita. Fatar sama marar launi, wadda ita ce ke ba da sheƙi, ba ta kai rabin wannan ba. Kenan duk ranar da ka ɗora busasshen tsumma a kan ƙura ka murza, yashi kake gurza mata. A tsakiyar ƙofa ko kan rufi abin yana ɗaukar lokaci kafin ya nuna. A lungu da gefe kuwa, inda datti ke taruwa kuma mutum ke danna yatsa da ƙarfi don ya cire shi, nan take fara mutuwa.

Kwanakin baya na tsaya a wani wurin wankin mota a bakin hanya, ba nisa da unguwar Zango. Yaron da ya karɓi motar ba malalaci ba ne, ƙwazonsa ne ma ya tsorata ni. Da ya zo kan tambarin Toyota na baya, inda jar ƙasa ta daskare tsakanin haruffa, sai ya zaro ƙusa daga aljihu, ya naɗe ta da bakin tsumma, ya shiga sassaƙa. Soso ya faɗi ƙasa, ya ɗauka ya tsoma a bokitin, ya ci gaba. Na ce masa, “Kai samari, ajiye ƙusar nan.” Ya ɗago yana murmushi: “Alhaji, in ba haka ba ai ba ta fita.” Gaskiyarsa, da kayan da ke hannunsa ba za ta fita ba.

Ban ga laifinsa sosai ba, don wanda ya san garin nan ya san tsadar ruwa. Damagaram a kan dutse take zaune, ruwan famfonmu daga nesa ake turo shi, daga rijiyoyin Gogo da Machaya da Arunguza da Ganaram. Da bazara ta kama, 'yan garuwa su ne sarakai. Mai wanki da ya sayi ruwa da kuɗinsa dole ya so bokiti ɗaya ya wanke mota biyu ko uku, kuma laɓon da ya kwanta a gindin bokitin shi ne ke komawa jikin ta ƙarshe. Maganin yana hannun mai mota. Ka ƙara masa ɗan abin da zai sayi ruwan bokiti na biyu, ɗaya na kumfa ɗaya na ɗauraye soso, kuma na taya daban da na jiki. Lunguna ba su cin ruwa da yawa. Gorar roba da aka huda murfinta da allura tana feso ruwa siriri wanda ke shiga bayan tambari da gefen madubi ya koro yashin. A jiƙa wurin, a bar shi ya sha, sannan a bi shi da buroshin fenti sabo mai laushi, wanda aka naɗe ƙarfen wuyansa da salatif don kada ya karce. Inda buroshi ya kasa, tsinken sakace da 'yar auduga a baki ya isa. Ƙarfe dai kowane iri ne, ƙusa ko sukudireba ko makulli, kada ya taɓa fenti.

Kwarmin da ke bayan mariƙin ƙofa ya cancanci a tsaya a kansa. Leƙa naka yanzu, za ka ga zane-zane kamar kaza ta yi tono. Farce ne da zobe da makulli, sau goma ko ashirin a rana. Yawancin waɗannan ba su ratsa fatar sama ba, ana iya rage su da ɗigon man gogewa a kan ƙyalle mai laushi da aka naɗa a yatsa, bayan an wanke wurin tas ya bushe. Gwajin mai sauƙi ne: ja farcenka a kan zanen a hankali. In ya wuce sumul, gogewa za ta yi amfani. In ya maƙale, zanen ya yi zurfi, sai mai fenti ya ɗiga masa launi.

A nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. Man gogewa daban, kakin mota daban. Kaki shafawa ake yi ya rufe fenti ya kare shi, ba ya rage komai. Man gogewa kuwa yana da gari mai kaifi a ciki, aikinsa shi ne ya aske saman fatar har ta yi daidai da gindin zanen. Abin da ya aske ya tafi ke nan. Wanda ke kai motarsa a goge duk wata don ta riƙa walƙiya, da kuɗinsa yake sayen ranar da za ta koɗe.

Na koyi wannan da tsada. Ana saura kwana biyu Sallah na kai motar wurin wani mai inji, irin injin nan mai babban faifai. A shimfiɗaɗɗen wuri ya yi aiki mai kyau. Da ya zo kan ƙashin da ya bi ta saman tayar gaba, faifan ya hau kan tsinin, ko ƙiftawar ido uku ba a yi ba sai ga wani layi fari-fari ya bayyana. Fenti ya ƙone har shimfiɗar ƙasa. A kan tsini da bakin ƙofa fenti ya fi sirara tun daga kamfani, kuma duk nauyin injin a ɗan wurin yake taruwa ya yi zafi. Gwanin gaske yakan liƙe irin waɗannan wurare da tef ɗin takarda, haka robobi da tambari, sannan ya bi su da hannu daga baya. In ka ga mai inji ya kunna bai liƙe komai ba, ko yana aiki a tsakar rana ƙarfe na ƙona hannu, karɓi makullinka.

Akwai lungunan da ba don kwalliya ake kula da su ba. Buɗe ƙofa ka duƙa, a can gindinta akwai 'yan ramuka da aka yi don ruwan da ya shiga ta bakin gilashi ya tsiyaye. Ƙurar hunturu tana toshe su, damina ta zo daga Yuni ruwa ya kwanta a cikin ƙofa, tsatsa ta ci daga ciki, mai mota bai sani ba sai fenti ya fara kumburi. Tsinke kawai ake zurawa a buɗe su. Haka magudanar da ke ƙasan gilashin gaba, inda ganyen dogon yaro ke cushewa ga masu ajiye mota a inuwa, da ɗan ramin da ke cikin murfin tankin mai, da leɓen ƙarfen da ke zagaye da taya inda laka ke kwana. Motocin da muke saye na hannu daga Turai sun fi buƙatar wannan, don a can ana watsa gishiri a titi lokacin ƙanƙara, da yawansu da tsatsarsu suke isowa.

Omo da sabulun wanke-wanke suna wanke kakin da ke kare fenti, su bar farin gari a kan baƙar roba. Kashin tsuntsu kada ya kwana, a jiƙa shi ya yi laushi a ɗauke, kada a kankare. Man birki in ya ɗiga a fenti, a kwarara ruwa nan take.

Sai batun man gas. Wasu na shafa shi a taya da bamba da robar gilashi, har a jiki, don ya ba da sheƙi. Sheƙin na yini ɗaya ne. Mai yana kama ƙura, yana kumbura roba ya lalata ta, kuma robar gilashi in ta saki, ruwa da ƙura sun sami ƙofa. Fitilar gaba ma a yi hattara da ita. Ba gilashi ba ce a motocin yanzu, roba ce mai tauri da aka lulluɓe da wani abin kariya daga rana. Da ta yi ruwan ɗorawa sai a kama ta da man goge baki ko takardar yashi, ta washe, bayan 'yan watanni ta koma fiye da da, don ba a mayar mata da kariyar ba. Wanda ke bin hanyar Tanut ko ta Magarya da dare, ga raƙuma ga amalanke babu fitila, ya tambayi mai gyaran me zai shafa mata bayan ya goge.

Mai shirin sayen mota kuma, kada sheƙin bonet ya ɗauke masa ido. Ya duƙa ya duba lunguna. Busasshen farin gari a bakin tambari yana nuna an goge ta kwanan nan. Feshin launi a kan robar gilashi ko a kan ƙusoshin ƙofa yana nuna an sake fentin wurin, sai ya tambayi dillali me ya same ta. Ya kuma zura yatsa a gindin ƙofa, ya ga ko ƙura ce za ta biyo shi ko jan garin tsatsa.