Kafin Ku Sayi Tsohon Jirgin Fito

Daga watan Yuli zuwa Satumba, ƙauyuka da yawa a ƙasar Danko da sauran sassan Danko-Wasagu sukan zama kamar tsibiri. Rafin da yara ke wasa a cikin yashinsa da rani yakan cika ya batse cikin 'yan awoyi, balle a yi maganar Gulbin Ka. Gona tana ƙetare, kasuwa tana ƙetare, asibiti ma yana ƙetare. Saboda haka ba abin mamaki ba ne da ikilisiyoyi, zumuntar mata da ƙungiyoyin manoma suke tunanin haɗa kuɗi su mallaki jirgin fito na kansu. Da yake sabon jirgi da sabon inji sun fi ƙarfin yawancinmu, hankali yakan koma kan na hannu.

Sayen na hannu ba laifi ba ne. Amma 'yan'uwa, tsohon jirgi ba tsohon babur ba ne. In babur ya mutu, sai ka sauka ka tura. In jirgi ya buɗe a tsakiyar ruwa, babu gefen hanya.

Jiharmu ta ga haka da idonta. A ranar 26 ga Mayu, 2021, wani jirgin katako da ya taso daga jihar Neja zuwa Wara a ƙaramar hukumar Ngaski ya tsage ya nutse da mutane fiye da 150 a cikinsa. Kimanin ashirin ne aka ceto da rai. Jami'ai sun ce jirgin tsoho ne, kuma an yi masa lodin da ya wuce ƙarfinsa, har da buhunan ƙasa daga wurin haƙar zinariya. A watan Janairu na 2023 wani ya sake karyewa da manoman shinkafa kusa da Samanaji a Koko-Besse. A watan Yuni na shekarar 2023, fiye da mutum 100 suka rasu a Patigi ta jihar Kwara suna dawowa daga biki cikin dare. Ku lura, a Wara da Samanaji jikin jirgin ne kansa ya karye. Wannan kuwa abu ne da mai saye yake iya ganin alamarsa tun kafin ya miƙa kuɗi.

Wane iri ne ya dace da ruwanku?

Wannan tambaya ce ta fari, kuma ita ce aka fi tsallakewa. Yauri ita ce babbar cibiyar jirage mafi kusa da mu, can ne masassaƙa da dillalai suke. Sai dai jiragen da ake yi domin Neja da tafkin Kainji dogaye ne, an yi su ne domin ruwa mai faɗi da tafiya mai nisa. Dogon jirgi a ƙaramin rafi mai gudu yana da wuyar juyawa, kuma ruwa na iya bugunsa ta gefe. A auna faɗin mashigi a lokacin da ruwa ya cika, a san inda duwatsu suke, a san abin da za a riƙa ɗauka: mutane ne kawai, ko da babura da buhunan hatsi.

Akwai kuma jirgi mai shimfiɗaɗɗen dandamali, wanda ake ɗorawa a kan dogayen tankuna biyu na ƙarfe ko na alminiyam, ko a kan jerin duro. Mutane suna son sa domin babur yana hawa da sauƙi, mai ciki ko majiyyaci yana iya kwanciya, kuma ba ya lilo kamar kwale-kwale. A ruwa mai kwanciya, kamar dam ko fadama, yana da kyau ƙwarai. A ruwa mai gudu kuwa ina shakkarsa. Itace da ciyayin da ambaliya ke kwasowa sukan maƙale tsakanin tankunan, ruwa ya tura shi yadda ya ga dama. In za a yi amfani da shi a rafi, sai an ɗaura masa igiya mai ƙarfi daga wannan gaɓa zuwa waccan, kuma a daina fito in ruwa ya wuce alamar da aka sa a gaɓa.

Lissafin nauyin da irin wannan jirgi zai ɗauka ba shi da wuya, kowane sakataren kwamiti zai iya yin sa. Lita ɗaya ta ruwa nauyinta kilo ɗaya ne. Duro mai cin lita 200 sai an danna shi da nauyin kilo 200, har da nauyin kansa, kafin ya nutse gaba ɗaya. Duro goma ke nan kilo 2,000. Amma ba a lodi har duro ya nutse, iyakarsa rabi. Dalili shi ne duro ya fi faɗi a tsakiyarsa. In ruwa ya wuce tsakiya, kowane ƙarin nauyi yana ƙara nutsar da shi da sauri fiye da na baya, kuma da zarar mutane sun karkata gefe ɗaya, gefen zai yi ƙasa farat ɗaya. To rabin 2,000 shi ne 1,000. A ce duro da katako da ƙarafan sun ci kilo 400, saura 600. Wato buhu shida na masara, ko manya takwas zuwa tara ba tare da kaya ba. Babur ɗaya ya haura kilo 100. Dandamalin yana iya samun wurin tsayuwar mutum ashirin, shi ya sa yake ruɗin ido.

In na tankuna ne ake sayarwa, a fito da shi tudu a girgiza, a kasa kunne. Motsin ruwa a ciki alama ce ta huda. A duba wuraren walda da inda dandamali ya haɗu da tanki, nan tsatsa da tsagewa suke farawa. A tuna kuma ba kowane mai walda ne ke iya alminiyam ba, mai yiwuwa sai an kai shi birni. In na duro ne, a tambayi abin da aka taɓa zubawa a ciki. Kada a yarda wani ya sa wutar walda a duron da ya taɓa ɗaukar fetur ko maganin feshi, ko da an ce an wanke. Tururin da ya rage yana fashewa.

Yadda ake duba jirgin katako

Yawancin abin da za ku samu a kasuwa na katako ne, don haka bari mu daɗe a nan.

Kada a sayi jirgi yana cikin ruwa. A sa a jawo shi tudu a kifar da shi. Mai jirgin da ya ƙi yarda da haka ya riga ya ba ku amsa. Sai a ɗauki wuƙa ko babbar ƙusa a bi katako ɗaya bayan ɗaya ana caka. Lafiyayyen madaci ko ƙawo ba ya karɓar wuƙa. Inda ta shige kamar ana caka rogo dafaffe, wurin ya ruɓe. A ƙwanƙwasa da guduma kuma: katako mai kyau yana amsawa da ƙara, ruɓaɓɓe yana yin shiru. Wuraren da suka fi ruɓa su ne ƙasan jirgi inda ruwa ke kwana, da gindin haƙarƙarin da ke riƙe da katakon gefe, da allon baya inda ake ɗaura inji. Wannan allon baya shi ke shan girgizar inji kullum. A kama shi da hannu biyu a jijjiga. In ya motsa, gyara ne babba.

Sabon fenti da sabuwar kwalta a jikin tsohon jirgi su sa ku ƙara lura. Haka ma facin kwano. Faci ɗaya ko biyu ba komai, kowane jirgi mai aiki yana da su. Amma a ɓamɓare ɗaya a ga abin da ke ƙarƙashi. Sau da yawa an buga kwanon ne a kan katakon da ya kamata a cire. A duba kan ƙusoshi: in tsatsa ta zagaye su ta yi baƙi, ko suna juyawa a raminsu, to ƙusar ba ta riƙe komai. Jirgin da ke tsagewa biyu ba rana ɗaya ya fara ba, ƙusoshinsa ne suka daɗe da saki. Daga nan a tsaya a goshin jirgin a hango bayansa. In ya murɗe, ko tsakiyarsa ta lotsa, a bar shi komai arharsa.

Bayan haka sai a mayar da shi ruwa, a kwarfe shi tas, a ɗora masa buhunan yashi daidai nauyin da kuke nufin ɗauka, a bar shi ya kwana. Da safe a ga yawan ruwan da ya shiga da inda ya shigo. Ɗan tsatsafi ba abin tsoro ba ne. Ruwan da ya kai idon sawu a dare ɗaya magana ce daban.

Duk wannan ba aikin fasto ko ma'aji ba ne. A ɗauki masassaƙin jirgi a biya shi kuɗin yininsa, amma kada ya zama wanda dillali ya kawo. Dillali la'adarsa yake nema, ba ta fitowa kuwa sai an yi ciniki.

Wani abin da ake mantawa shi ne hanya. Daga Yauri zuwa Danko tafiya ce mai nisa a bayan mota. Jirgin katako in ya bushe, mahaɗansa sukan buɗe, girgizar ramuka kuma tana ƙara kwance tsofaffin ƙusoshi. Jirgin da bai yoyo a Yauri ba yana iya isowa gida yana zuba kamar rariya. A sa kuɗin mota da na sake toshewa a cikin lissafi. Wani lokaci, in an haɗa duka, gara a kira masassaƙi ya zo da katakonsa ya yi sabon ƙarami a bakin rafinku. Wannan matsalar bushewa za ta dawo kowane rani, tun da rafukanmu suna ƙafewa. Dole a sami inuwa, a ɗaga jirgin daga ƙasa saboda gara, a jiƙa shi kwanaki kafin a fara aiki da damina.

Jirgin faiba ba ya ruɓa kuma gara ba ta cinsa, shi ya sa gwamnati take ƙarfafa a koma kansa. In an samu na hannu, a taka ƙasansa ko'ina a ji ko akwai inda yake lotsawa, a duba tsagewa a kusurwoyin baya.

Inji

Sau da yawa inji ya fi jirgin tsada. Tambayar farko ita ce ko ana bukatarsa ma. Mashigin da faɗinsa bai wuce jifa biyu ba, gora da filafili ko igiya sun isa, kuma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayu na 2023 kuɗin fetur ya zama nauyi na gaske ga ƙaramar ƙungiya.

In dole ne, a nemi irin wanda makanikan Yauri suka saba da shi kuma kayan gyaransa ke kasuwa, kamar Yamaha mai ƙarfin doki 15, 25 ko 40. A je da sassafe a taɓa injin da hannu. In da ɗumi, an riga an tayar da shi don kada ku ga wahalar tashinsa. Yana tashi, a duba siririn ruwan da yake fesowa ta baya. Wannan ruwa shi ne shaidar cewa famfon sanyaya inji yana aiki. In ba ya fita, ko yana fita da kyar, injin yana iya yiwuwa ya taɓa yin zafi fiye da kima. A kwance fulogi a ga launinsa. A ɗan buɗe man giya na ƙasa kusa da farfela: in ya yi fari kamar nono, ruwa yana shiga. A juya farfela da hannu a ga ko tana rawa, domin tun da aka gama dam ɗin Kainji a 1968 kututturan itatuwan da ruwa ya rufe suna nan a ƙarƙashi, kuma injuna da yawa na wannan yanki sun sha karo da su. A gwada shi da lodi, gaba da baya, na aƙalla rabin awa. Yawancin waɗannan injuna ana gauraya musu mai da fetur, rabin lita a cikin lita 25, amma a bi abin da ke rubuce a littafin injin. Kada kuma a ɗora babban inji a kan tsohon ƙaramin jirgi.

Injin jirgi abu ne da ake sacewa. A kwafi lambar da ke jikinsa a rubuta ta cikin takardar ciniki. In an kankare lambar, a fasa. A yi cinikin a gaban Sarkin Ruwa ko mai unguwar wurin da shaidu daga ɓangarorin biyu, a rubuta sunan ƙungiya a matsayin mai saye, ba sunan shugaba ba. Ƙungiyoyi da yawa sun watse a kan kayan da aka saya da sunan mutum ɗaya, ya rasu, magada suka ce na ubansu ne.

Abin da ya rage bayan ciniki

Kada a kashe kuɗin duka a kan jirgi. Shawarata ita ce a ware rigunan ruwa tun farko, ɗaya ga kowane mazauni, har da ƙanana na yara, domin ta babba takan zame wa yaro. Hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa na cikin gida, wadda hedkwatarta ke Lokoja, ta wajabta sa rigar, ta hana lodi fiye da kima, ta kuma hana tafiyar dare. Ita da hukumar raya yankunan dam-dam da aka sani da HYPPADEC sun sha raba riguna a garuruwan bakin ruwa, don haka ba asara ba ce kwamiti ya rubuta takardar roƙo ta hannun ƙaramar hukuma a Ribah.

Ranar da aka yi gwajin yashi, a ja layi da jan fenti a gefen jirgi daidai inda ruwa ya tsaya, a tabbata akwai aƙalla taƙi guda mai kyau tsakanin layin da bakin jirgi. A rubuta adadin mutane da manyan lambobi. Amfanin wannan shi ne ya kāre matuƙi. Saurayi ɗan shekara ashirin ba zai iya ce wa dattijo ko surukinsa ya jira sawu na biyu ba, amma yana iya nuna masa layin da kwamiti ya ja.

Maganar dare ita ce mai wuya, domin naƙuda da saran maciji ba sa jiran gari ya waye, kuma dominsu ne ma aka sayi jirgin. Gara kwamiti ya zauna da ungozoma da ma'aikacin asibiti tun kafin damina, a rubuta sunayen matan da watansu ya kusa, a shirya musu masauki a ƙetare wurin 'yan'uwa tun ruwa bai cika ba. A ajiye tocila mai ƙarfi da igiya a gidan matuƙi, a kuma sanya sunan mutum biyu da za su yanke shawara in larura ta taso, don kada nauyin ya faɗa kan matuƙi shi kaɗai.