Ciwon kafaɗa: abin da ake faɗa a majalisa da abin da hannun likita ke nema

Daga majalisun Nassarawa GRA har zuwa zaurukan WhatsApp na unguwa, magana ɗaya ake maimaitawa duk lokacin da wani ya faɗo daga babur, ko ya zame a banɗaki, ko kafaɗarsa ta riƙe bayan motsa jiki a Filin Sukuwa. Wai likitan da ya tsaya yana cewa ɗaga hannu, sauke hannu, bai tura ka hoto nan take ba, ɓata maka lokaci kawai yake yi. Wannan ƙarya ce, kuma tana sa mutane barin asibiti kafin a gano ciwonsu.

Hoton ƙashi, ƙashi yake nunawa. Kan ƙashin damtse kuwa ya fi ramin da yake zaune a ciki girma nesa ba kusa ba, kamar ƙwai a cikin cokali, tsokoki 4 da jijiyoyinsu ne suka kewaye shi suka riƙe. Ɗaya daga cikinsu na iya yagewa, mutum ya kasa saɓa babbar riga, hoto kuma ya fito tas. Shi ya sa likita zai ce ka cire riga ya kwatanta kafaɗun biyu, ya lalubi inda zafin yake, sannan ya sa ka buɗe hannu gefe a hankali. In zafin ya taso a tsakiyar hanya, tsakanin digiri 60 zuwa 120, ya lafa da hannun ya miƙe sama, ana zargin jijiya ce ke gogar ƙashin da ke samanta, matsalar da likitan Amurka Charles Neer ya fayyace a 1972. Zai sa ka miƙa hannu, babban yatsa na kallon ƙasa, ya danna, kai kuma ka tura sama, don ya auna ƙarfin tsokar. A ganina gwajin da ya fi faɗar gaskiya shi ne mafi sauƙi: ka saki jiki, shi ya ɗaga maka hannun. In kai ka kasa amma a hannunsa ya tafi, tsoka ce ko jijiya. In shi ma ya kasa, gaɓar ce da kanta ta ƙage. Babu gwaji ɗaya da ke yanke hukunci, haɗa su ake yi da labarin yadda ciwon ya fara.

Masu ƙorafin suna da gaskiya a wuri guda. Wanda ya sha mummunar faɗuwa lallai ne a ɗauke shi hoto, kuma ta fuska biyu aƙalla. Kafaɗar da ta goce ta baya, irin wadda ke biyo bayan farfaɗiya ko jan wutar lantarki, tana iya ɓuya a hoton gaba kaɗai.

Sai masu cewa in dai yatsu na motsi to ba karaya ba ce, targaɗe ne. Ba haka ba ne. Tsohuwa na iya karyewa a saman damtse tana jan carbinta da wannan hannun. Likita na duba yatsu ne don wani dalili daban. Akwai jijiyar saƙo da ke nannaɗe da ƙashin damtse ta baya, kuma kusan mutum 1 cikin 10 na masu karaya a tsakiyar ƙashin tana taɓuwa, sai wuyan hannu ya langaɓe ya ƙi ɗaguwa. Yawanci tana farfaɗowa da kanta cikin watanni, amma dole a san halinta tun ranar farko. Haka nan zai shafi fatar gefen damtse daga sama ya tambaye ka ko kana jin taɓawar, ya danna wuyan hannu ya ji bugun jini. Duk wannan bai kai minti biyu ba, kuma shi ne ake tsallakewa a bakin titi.

Zancen a ja hannu a mayar da zafi-zafi, rabinsa gaskiya ne. Kafaɗa ce babbar gaɓar da ta fi kowace gocewa, fiye da kashi 90 cikin 100 ta gaba, kuma mayar da ita da wuri ya fi sauƙi kafin tsokoki su ɗaure. Amma sa diddige a hammata a fizga, dabarar da aka sani tun zamanin Girkawan da, na iya karya ƙashin da ya riga ya tsage ko ya ja jijiya, musamman ga dattawa. Daga GRA zuwa Asibitin Koyarwa na Muhammad Abdullahi Wase, wanda muke kira Asibitin Nassarawa, tafiyar 'yan mintuna ce. A rataye hannun da ɗankwali a wuya a tafi. Matashin da kafaɗarsa ta goce kuma kada ya ɗauka an gama da an mayar, domin ga 'yan ƙasa da shekara 20 sake gocewa ya fi rashinsa yawa.

Maganar da ta fi ci mini rai ita ce ta cewa a asibitin Dala yanke hannu suke yi. Asibitin Ƙashi na Dala yana aiki tun 1959, kuma yawancin karayar damtse da ta ƙashin da ya taso daga ƙasan wuya zuwa kafaɗa ko tiyata ba a yi musu, rataya ce ko ɗauri da haƙuri, sai gashin ƙashi daga baya. Saboda irin waɗannan karayar na haɗewa da kansu ne ma masu ɗori suka yi suna, kuma ba na raina gadonsu. Matsalar tana wurin karan da aka ɗaure tamau a kan hannun da ke kan kumbura. Jini ya tsaya, yatsu su yi sanyi, su canza launi, yaro ya kwana yana ihu a ce masa ɗori ne ke kamawa. Kafin a kai shi asibiti naman ya mutu, sai labari ya koma gida cewa likita ya yanke. Zafin da ke ƙaruwa bayan ɗauri, ko yatsun da suka daina jin taɓi, a kwance ɗaurin a lokacin, ko da tsakar dare ne, a nufi asibiti.

Sanyi kuwa, shi ake ɗora wa duk kafaɗar da ta riƙe ba tare da faɗuwa ba, a ce fanka ce ko na'urar sanyaya ɗaki. Uwar da ta kasa ɗaura ɗankwali, ko dattijon da ɗaga hannu wajen kabbara ya gagare shi, sau da yawa ƙagewar gaɓa ce, wadda ta fi kama masu ciwon suga, don haka kada a yi mamaki in likita ya ce a auna suga. Mai sikila da ciwon kafaɗa ya ƙi sakinsa, ana duba ko jini ya daina isa kan ƙashin. Wani ciwon ma daga wuya yake saukowa. In kuma kafaɗa na juyawa lafiya a hannun likita amma zafin na nan, sai a duba cikin jiki: na dama na iya zama maɗaciya, na hagu tare da nauyin ƙirji, gumi da haki na iya zama zuciya, wanda kuma ya bugu a ciki a hatsarin mota ya fara kukan kafaɗar hagu, ana tsoron saifa ce ke zubar da jini, kuma wannan na ɗakin gaggawa ne.