Nauyin jariri ran haihuwa da shanyewar ɓarin jiki a girma: abin da kowane maigida ya kamata ya sani

'Yan'uwa maza da mata na wanga zaure, na Tozai da Isa da Sabon Birni da waɗanda suka ƙetara Maraɗi, Allah ya sa kun tashi lafiya, ya kawo mana zaman lafiya a ƙasarmu.

Darasinmu na yau a kan ciwon shanyewar ɓarin jiki ne, wanda mutane suka saba cewa iska ce ta bugi mutum. Kun san yadda yake zuwa: magidanci ɗan shekara hamsin ya kwanta garau, ya farka baki ya karkace, hannu da ƙafa sun ƙi motsi. Abin da yawancinmu ba mu sani ba shi ne, wani lokaci tushen ciwon nan tun cikin uwa aka dasa shi.

*Mene ne ciwon?*

Ƙwaƙwalwa da jini take rayuwa. In jijiyar da ke kai mata jini ta toshe, ko ta fashe, sai wannan sashen ya fara mutuwa cikin 'yan mintoci, gaɓoɓin da yake juyawa su shanye. Babban mai jawo haka hawan jini ne. Wani babban bincike da likitocin Najeriya da Gana suka yi, har da asibitocin koyarwa na Kano da Zariya, wanda aka fitar a 2018, ya nuna hawan jini shi ne kan gaba nesa ba kusa ba cikin abubuwan da ke kawo shi a yankinmu. Ya kuma lissafa ciwon suga, yawan gishiri da ƙarancin cin ganye.

*Ina ruwan nauyin jariri?*

A wata gunduma ta Ingila mai suna Hertfordshire, tun daga 1911 ma'aikatan jinya suke auna kowane jariri su rubuta a littafi. Bayan shekaru masu yawa wani likita, David Barker, ya gano littattafan nan, ya bi sawun maza sama da 5,000 da aka haifa tsakanin 1911 da 1930. A 1989 ya bayyana cewa waɗanda suka zo duniya da ƙaramin nauyi sun fi mutuwa da ciwon zuciya. A 1996 shi da abokan aikinsa suka nuna haka abin yake ga shanyewar ɓarin jiki.

A Helsinki ta ƙasar Finlan an bi mutanen da aka haifa tsakanin 1934 da 1944, aka ga waɗanda aka haifa ƙanana, da waɗanda ba su yi ƙiba yadda ya kamata ba cikin shekaru biyun farko, sun fi gamuwa da ciwon. A Holan kuma an yi matsananciyar yunwa lokacin yaƙin duniya na biyu, daga ƙarshen 1944 zuwa 1945. Yaran da ke cikin uwayensu a lokacin, da suka manyanta, an fi samun matsalar suga da ciwon zuciya a cikinsu.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce jaririn da bai kai kilo 2.5 ba, ƙaramin nauyi ne da shi, ko bakwaini ne ko ya cika wata tara. Wanda ya haura kilo 4 shi ma abin dubawa ne, domin sau da yawa alamar suga ce a jikin uwa.

*Yaya abin yake faruwa?*

Ka ɗauki misalin magini da aka ba shi kayan aiki kaɗan. Zai fara kyautata ɗakin maigida, ya rage yawan indararo a kan soro. Damina ta farko gidan lafiya lau, ta goma ma haka. Sai bayan damina arba'in, ruwan da ba ya samun mafita ya rinjayi azara.

To haka ɗan tayi yake yi in abinci ya yi masa kaɗan. Jikinsa zai fifita ƙwaƙwalwa, ya rage wa ƙoda da jijiyoyi rabonsu. A cikin kowace ƙoda akwai 'yan ƙananan matatai kimanin miliyan guda, su ke fitar da gishiri da ruwan da ya yi yawa. Ana gama halittarsu wajen mako na 36 na ciki, bayan nan ba a ƙara ko guda. Wanda aka haifa ƙarami yakan zo da matatai kaɗan, jijiyoyinsa kuma ba su da isasshen laushi. In ya girma yana cin gishiri da yawa, ya yi teɓa, ko yana shan taba, sai jini ya hau da wuri, shekara da shekaru ba alama, har ranar da jijiya za ta gaza.

Ku fahimce ni da kyau: wannan ƙarin haɗari ne kawai. Da yawa an haife su ƙanana sun tsufa lafiya, da yawa kuma an haife su ɓul-ɓul ciwon ya kama su. Ajali yana hannun Allah. Amma addininmu ya umarce mu da riƙo da sababi, a ɗaure raƙumi sannan a dogara ga Allah.

*Me ya sa maganar ta shafe mu?*

Dattawanmu ba su manta farin 1973 zuwa 1974 ba, da na 1984, da yunwar da ta auka wa jihar Maraɗi a 2005. Ɗiyan da aka yi cikinsu a farin farko yanzu sun kai hamsin ko sun haura, na biyu suna cikin arba'in, daidai shekarun da hawan jini ke bayyana. Yau kuma ga rashin tsaro ya hana mutane da yawa noma a ƙasar Isa da Sabon Birni, tun 2019 dubban mutane suka gudu zuwa Nijar. Mace mai ciki da ke kwana da yunwa a gidan gudun hijira, mutum biyu ne ke jin yunwar, na biyun kuma zai iya biyan bashin bayan shekara arba'in. Ƙari a kan haka, mafi yawan haihuwarmu a gida ake yi, ba a aunawa, ba a rubutawa.

*Kai maigida, ga naka aikin*

1. Ciyar da mai ciki wajibi ne a kanka. Ba sai da nama kullum ba. Wake, gyaɗa, ƙwai, nono, ɗan kifi, zogale, rama, alayyahu, kuka da gero sun wadatar in ana haɗawa. Kada ta zama ta ƙarshe a kan akushi.

2. A bar camfin nan na hana mai ciki cin ƙwai, ko rage mata abinci wai kada ɗa ya yi girma haihuwa ta yi wuya. Uwar da ba ta da jini ita ta fi shiga haɗari wajen naƙuda.

3. Ka ba ta izinin zuwa awo tun farkon ciki, ka ba ta kuɗin mota. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 take ba da shawarar zuwa sau 8. In hanya ba ta da tsaro, a yi iya abin da ya samu, sau huɗu ya fi babu.

4. Zazzaɓin cizon sauro yana ɓuya a mabiyiya, ya tare hanyar abincin ɗa, ko da uwa ba ta jin zafin jiki. Ta riƙa kwana a gidan sauro, ta sha Fansidar da ake bayarwa wurin awo daga wata na huɗu, aƙalla sau uku, da tazarar wata guda tsakani. Ta kuma dage da ƙwayar ƙarin jini.

5. A rage mata daka, ɗibar ruwa da zama cikin hayaƙin murhu. Mai shan taba ya yi nesa da ɗakinta.

6. Maganar azumi: shari'a ta yi wa mai ciki da mai shayarwa sauƙi. Ibn Abi Zaid ya kawo a Risala cewa mai cikin da ke tsoron cutuwar abin da ke cikinta za ta sha ruwa. Ta rama daga baya. Kada kunya ko gori ya sa ta ƙi karɓar rangwamen Allah.

7. Ina faɗa muku a matsayina na mai sana'ar ganye da saiwa: mai ciki kada ta sha jiƙo ko tsimin da ba a san haɗinsa da awonsa ba.

*Bayan haihuwa*

A kai jariri a auna shi ranar farko in da hali, a rubuta nauyin a kati, a adana katin kamar takardar gona. In ƙarami ne, uwa ta riƙa manna shi a ƙirjinta fata da fata don ɗumi. A ba shi nonon farko, kada a zubar, kuma nono zalla har wata shida. Aya ta 233 a Suratul Baƙara ta yi nuni ga shayarwar shekara biyu, likitoci su ma suna son a samu kimanin shekara biyu kafin wani ciki, don jikin uwa ya maido abin da ya rasa. Ke uwar mai jego, a sassauta kanwa a kunu. Likitoci a Zariya tun shekarun 1970 suka danganta yawan kanwa da tsananin zafin jego da ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa, domin kanwa 'yar'uwar gishiri ce.

*In kai ne aka haifa ƙarami*

Tambayi mahaifiyarka ko gwaggonninka. In an ce bakwaini ne kai, ko ɗan tagwaye, ko a shekarar yunwa aka haife ka, to ka riƙa auna jininka aƙalla sau ɗaya a shekara. In ana samun 140 bisa 90 ko sama a awo daban-daban, ka ga likita. Gishirin yini duka kada ya wuce giram 5, wato kusan ƙaramin cokalin shayi, har da na cikin dunƙulen miya. Zoɓo marar sukari da tafarnuwa suna ɗan taimakawa, amma ba sa maye gurbin ƙwayar asibiti. Wanda aka ɗora a kan magani kada ya daina don ya ji sauƙi.

*In ciwon ya auku*

Alamu uku: baki ya karkace, hannu ko ƙafa ta yi nauyi a ɓari guda, magana ta harɗe. A kwantar da shi a gefensa. Kada a ɗura masa ruwa ko rubutu ko kunu, domin maƙogwaro ma yakan shanye, abin ya bi hanyar numfashi. Kada a ba shi asfirin kafin likita ya duba, ko jijiya ce ta fashe. A garzaya babban asibitin Isa ko na Sabon Birni, su za su tura Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato in ana bukatar hoton kai. A yi masa addu'a da tofi a cikin mota ana tafe, ɗaya ba ya hana ɗaya.

Ku tura wa maƙwabta da surukai, musamman gidan da ke da mai juna biyu. Mai wadata ya tuna da mata masu ciki cikin 'yan gudun hijira in zai fitar da zakka ko sadaka. Allah ya sauki masu ciki lafiya, ya raya mana zuri'a, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.