Wane Faifai Ne Zai Riƙe Amana?

A gidaje da dama na ƙasar Birnin Gwari, daga cikin gari har su Kuyello da Dogon Dawa da Randagi, ba a rasa wata leda ko kwalin takalmi da aka cusa ƙarƙashin gado ko saman sif, cike da faya-fayan CD da DVD. Wasunsu finafinan Kano ne na lokacin da ake saro su daga kasuwar Ƙofar Wambai. Waɗannan ko sun lalace da sauƙi, domin yawancinsu ana samu a YouTube ko a shagon masu turi. Abin damuwa shi ne faifan da ba shi da na biyu a duniya: bikin wance, walimar saukar Alƙur'ani, hawan salla a ƙofar fada, hoton mahaifin da ya riga mu gidan gaskiya, karatun malamin unguwa da wani almajirinsa ya naɗa. Duk irin waɗannan a kan emti aka ɗora su, wato faifan da ake saye babu komai a kansa, kuma emti iri-iri ne. Wani kowace na'ura za ta karɓe shi amma ba ya jure shekaru, wani zai daɗe amma tsohuwar na'ura ba ta san da zamansa ba.

Faifan kamfani na asali da emti kama kawai suka yi. Na kamfani, tun daga CD ɗin farko da Philips da Sony suka fitar a 1982, matsa shi ake yi a masana'anta, bayanan su zama ƙananan ramuka a jikin robar kanta. Emti kuwa wani siririn rini aka shafa masa a ciki, hasken lesa na kwamfuta ya bi yana ƙona ɗigo-ɗigo a jikin rinin, na'ura ta karanta ɗigon a matsayin ramuka. Rini kuma kowa ya san halinsa: atamfar da aka bari a igiyar shanya kwana da kwanaki sai ta koɗe. Haka rana da zafi da laima suke cin rinin faifai, har ɗigon ya daina bambanta da inda ba a ƙona ba.

Rinin ma kala uku ne a CD-R, wato emtin CD, kuma juya faifan kawai za ka yi ka gane. Mai kore ko kore-shuɗi shi ne sayanin, wanda kamfanin Taiyo Yuden na Japan ya fara da shi a 1988. Shuɗi mai duhu shi ne azo, na Mitsubishi, wanda aka fi sani a faifan Verbatim. Na ukun, fatalosayanin, kusan ba shi da launi, sai ka ga ƙasan faifan fari-fari ko ruwan gwal, kuma shi ya fi jure haske da zafi. Cibiyar adana kayan tarihi ta ƙasar Kanada ta jera faya-fayai bisa tsawon ransu, CD-R mai wannan rini da shafen zinariya ya zo a sama da hasashen fiye da shekara 100, DVD-RW kuma yana can ƙasa da shekara 5 zuwa 10. Sai dai lissafin nasu na faifan da aka adana a ɗaki mai sanyi ne, babu laima, babu rana. Ɗakin kwano a Birnin Gwari cikin watan Afrilu bai shiga lissafin ba.

Akwai abin da mutane da yawa suka ɗauka a baibai. An saba lallaɓa ƙasan faifai mai ƙyalli, a bar saman da ake rubutu a kai. A CD kuwa bayanan suna dab da saman ne, wani ɗan siririn fenti kawai ya rufe su. Ƙwarzane a ƙasa sau da yawa na'ura tana iya tsallake shi, har ma akan goge shi. Amma wanda ya danna biro ya rubuta "Bikin Anti" a saman CD, ko ya manna takarda daga baya ya ɓanɓare, ya yi ɓarnar da ba ta gyaruwa. Ɗaga tsohon CD-R saitin taga da hantsi. In ka ga haske yana ɓullowa ta wasu 'yan ƙofofi kamar an tsattsaga da allura, ko gefen ya fara baƙi-baƙi yana ɓarewa, abin da ke wurin ya tafi. DVD ya fi shi sa'a ta nan, domin roba biyu ce aka manne, kowace kaurin milimita 0.6, bayanan suna tsakiya. Rauninsa a mannin yake: yawan lanƙwasa shi wajen ɓallo shi daga kwanso yakan sa robar biyu su fara rabuwa daga ramin tsakiya.

Rigimar da ta fi rikita masu saye ita ce ta DVD-R da DVD+R, masu alamar ragi da ta ƙari. Girmansu ɗaya, gigabait 4.7, wanda kwamfuta ke nunawa 4.38, kuma ba cuta aka yi maka ba, hanyar ƙirga ce ta bambanta. Pioneer ne ya fito da mai ragi a 1997. Philips da Sony da HP da wasu kamfanoni suka ja tunga suka kafa nasu ƙawancen, mai ƙari ya fito a 2002. Ta fuskar ƙira mai ƙari ya ɗan fi, domin hanyar da yake nuna wa lesa inda ya kamata ta rubuta ta fi daidaito, ba ta cika ruɗewa ba ko ana gudu. Amma mai ragi ya riga shi shiga gidaje da shekara biyar, don haka na'urorin farko shi suka sani. Daga baya aka samo dabara: wasu kwamfutoci suna iya sa wa DVD+R shaidar faifan kamfani lokacin ɗorawa, sai tsohuwar na'ura ta karɓe shi ba gardama. Tun wajen 2003 yawancin injinan ɗora faifai suna cin duka biyun, kuma na'urorin Chana masu araha da suka cika kasuwanninmu daga baya ba su da tsirfa, kusan komai ka ba su za su haɗiye. A ganina, wanda zai aika faifai ƙauye bai san irin na'urar da ke can ba, ya ɗauki mai ragi. Wanda zai ajiye takardu da hotuna don kwamfuta, mai ƙari ya ɗan fi kwanciyar hankali. Amma tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai tazarar da ke tsakanin faifan kirki da na banza ba. Emti marar suna da ake sayarwa a dunƙule cikin leda, ko ragi ne ko ƙari, ba wurin ajiyar amana ba ne.

Masu RW, waɗanda ake gogewa a sake ɗorawa, ba rini ne a cikinsu ba, wani haɗin ƙarfe ne da zafin lesa ke sauya wa yanayi. Ba sa maido da haske sosai. CD-RW, da ya fito a 1997, abin da yake maidowa bai wuce kashi 15 zuwa 25 cikin ɗari ba, na kamfani kuwa yana kai wa kashi 70, shi ya sa tsohuwar rediyon mota ko rakoda mai CD takan yi kamar ba a sa mata komai ba. Na aikin yau da gobe ne. Haka shi ma mai hawa biyu, DVD+R DL mai gigabait 8.5: yana ɗaukar dogon biki a faifai ɗaya, amma wurin hawa daga bene na farko zuwa na biyu nan yake yawan maƙalewa.

Ba kullum laifin faifai ba ne. Je ka shagon mai gyaran rediyo da talabijin a ƙarshen hunturu, ka ga yadda ake kawo na'urori suna rubuta "No Disc". Zai kwance murfin, ya naɗa auduga a tsinke, ya ɗan tsoma a sifirit, ya shafi wannan ɗan gilashi mai kamar ƙwayar gero da suke kira ido, ya hure, ya mayar. Sau da yawa shi ke nan, ƙura ce. Idon da ya fara rauni kuma emti yake fara ƙi kafin na kamfani, sai mai gida ya ce ai mai ɗaukar bidiyo ne ya cuce shi. Wani lokacin kuwa da gaske daga wurin mai ɗorawa ne. In bai rufe faifan ba bayan ya gama, zai yi a na'urar da ta naɗe shi amma ya ƙi yi a ko'ina. In ya kwafa fim ɗin kamar yadda ake kwafa takarda, bai mai da shi tsarin VCD ko na DVD ba, kwamfuta za ta buɗe, tsohuwar na'ura ta ƙi. In kuma layi ya yi masa yawa ranar kasuwa ya saki injin da cikakken gudu, ɗigon ba ya fita sosai. Rabin gudun da aka rubuta a jikin faifan ya fi aminci.

Ana rubuta faifai ne daga tsakiya zuwa gefe, kuma gefen nan ne rini ya fi rashin daidaito a faifai mai araha, nan yatsu suke taɓawa, nan laima take fara shiga. Shi ya sa tsohon faifan biki yakan nuna kamu da wuni lafiya lau, sai an zo kai amarya hoto ya fara ɓarɓashi yana tsayawa. Mai hankali ba ya cika emti maƙil. Laima kuwa a wannan yanki na dajin Kamuku ba irin ta Katsina ko Daura ba ce, a watan Agusta har takalmi yana fumfuna a ɗaki. A 2001 masana a Sifaniya sun ba da rahoton wani nau'in fumfuna da ya cinye jikin CD da aka samo daga ƙasar Belize, mai zafi da laima.

Blu-ray bai taɓa kama ƙasa a nan ba, kafin ya iso memori ya riga ya ci kasuwa. Akwai kuma M-DISC, da ya fito a 2009, wanda maimakon rini aka sa masa wani abu mai kamar dutse, masu shi suna cewa zai kai shekara 1,000. Ko an yarda da su, sai injin musamman ke ɗora shi, kuma ba hajar da za ka tarar a teburin kasuwar ƙauye ba ce.

Wani zai ce ina ruwanmu da faifai yanzu, ga waya ga intanet. Mutanen Birnin Gwari sun san amsar wannan. Daga ƙarshen Satumba zuwa ƙarshen Nuwamban 2021 an katse layukan waya a yankin saboda matsalar tsaro, duk abin da mutum ya ajiye a Facebook ko Google ya zama kamar babu shi. Memori da filashi kuma suna da nasu ciwon: jabu sun yi yawa, cutar kwamfuta daga shagon turi tana iya share su a minti ɗaya, kuma in aka jefa su a durowa shekaru ba a taɓa ba suna iya zubar da abin da ke ciki. Faifan R da aka rufe, babu cutar da za ta goge shi, babu yaron da zai danna wani abu ya share.

Sai dai kasuwar tana naɗe tabarma. Taiyo Yuden, da masana suka fi yaba wa faifansa, ya daina yi a ƙarshen 2015, Sony ma ya sanar da daina yin emtin Blu-ray a farkon 2025, kuma yawancin sababbin laftof ba sa zuwa da wurin sa faifai. Wanda ke da wannan leda a gida ya nemi mai tsohuwar kwamfuta, ko injin faifai na waje mai igiyar USB, tun ana samu. A fara da masu RW da masu koren ƙasa da waɗanda gefensu ya sauya launi. In faifai ya ƙi buɗewa a wannan inji a gwada wani, domin idanun ba ƙarfinsu ɗaya ba. A goge shi da tsumma mai laushi daga tsakiya zuwa gefe, ba zagaye ba. Abin da aka ceto a yi masa kwafi uku: ɗaya a had-dis na kwamfuta ko memori mai kyau, ɗaya a sabon faifai na kamfanin da aka sani, a tsaye cikin kwansonsa nesa da taga da rufin kwano, na ukun kuma a ba ɗan'uwa da ke Kaduna ko Funtuwa ya ajiye.