Allurar Kashe Zafi a Jijiya Bayan Aikin Dashen Gwiwa

Ciwon gwiwa yana daga cikin abubuwan da ke zaunar da tsofaffi, maza da mata, ya hana su zuwa gona da kasuwa. A cikin gwiwa akwai guringuntsi mai santsi wanda ke hana ƙasusuwa gugar juna. Idan ya cinye saboda shekaru, ko nauyin jiki, ko tsohon rauni, sai ƙashi ya dinga gugar ƙashi. Idan magani da motsa jiki sun kasa, likita yakan ba da shawarar dashen gwiwa, wato a cire fuskar ƙashin da ta lalace a sanya wata ta ƙarfe da roba. Gwiwar dashe takan yi shekara 15 zuwa 20, ko fiye, tana aiki.

Wannan aiki na manyan asibitocin ƙashi ne, ba na asibitin gunduma ba. Mutumin Matameye yakan fara ganin likita a gida, daga nan a tura shi babban asibitin Damagaram domin ƙarin bincike. Ɗaya daga cikin wuraren da ake yin dashen a ƙasar Hausa shi ne Asibitin Ƙashi na Dala da ke Kano, wanda aka buɗe a 1959. Mutane da yawa suna gudun aikin don tsoron zafin da ke biyo baya. Wannan shafi yana bayani a kan wata hanya ta rage zafin.

Yaya zafi yake zuwa?

Kalmar jijiya tana da ma'ana biyu. Akwai jijiyar jini, akwai kuma jijiyar saƙo, wadda ke kai labari daga gaɓoɓi zuwa laka da ƙwaƙwalwa, kamar yadda waya ke ɗaukar wutar lantarki. Idan aka yanka gwiwa, jijiyar saƙo ce ke sanar da ƙwaƙwalwa, sannan mutum ya ji zafi. Idan aka tare saƙon a hanya, zafin ba zai isa ba. Wannan shi ne aikin allurar: likita yana zuba magani a gefen jijiyar, maganin ya hana ta aika saƙo na ɗan lokaci. Ba ya lalata ta. Da ƙarfinsa ya ƙare, sai ta koma aikinta.

Dabarar ba sabuwa ba ce. A 1884 wani likitan ido mai suna Carl Koller ya nuna a birnin Biyana cewa za a iya kashe zafin ido a yi aiki mutum yana farke. Ba da daɗewa ba William Halsted a Amurka ya fara zuba magani kusa da jijiya. A 1943 aka haɗa maganin lidokayin a ƙasar Suwidin. A aikin gwiwa an fi amfani da bufibakayin ko rofibakayin, domin sun fi daɗewa a jiki.

A ina ake yin allurar?

Wurare uku aka fi sani.

Na farko, a matsematsi, inda babbar jijiyar gaban cinya ta bi. Tana rage zafi ƙwarai, amma tana raunana naman cinya da ke miƙar da ƙafa, saboda haka majinyaci yana iya faɗuwa idan ya tashi.

Na biyu, a tsakiyar cinya ta wajen ciki. Wannan tana rage zafin gaban gwiwa, ta bar wa cinya mafi yawan ƙarfinta. Shi ya sa likitoci da yawa suka fi son ta a yanzu.

Na uku, a bayan gwiwa, domin zafin da ke fitowa ta baya. Sau da yawa ana haɗa ta da ta biyu.

Likita yakan nemo jijiyar da na'urar duba cikin jiki, irin wadda ake duba masu juna biyu da ita, don ya ga inda bakin allura yake, ya kauce wa jijiyar jini. Allura guda takan yi aiki awa 12 zuwa 24. Wani lokaci ana barin siririn bututu a wurin, magani ya dinga shiga kaɗan-kaɗan har kwana 2 ko 3.

Kada a haɗa ta da allurar gadon baya. Ita waccan ana yin ta ne domin aikin kansa: tana kashe jiki daga ƙugu zuwa ƙasa, ta sake shi bayan ƴan awoyi. Allurar jijiya kuwa ƙafa ɗaya take shafa, kuma amfaninta ya fi yawa bayan an fito daga ɗakin tiyata.

Mene ne amfaninta?

Wanda zafi bai dame shi ba yakan samu barci, ya ci abinci, ya fara taka ƙafa a ranar aikin ko washegari. Tashi da wuri yana da muhimmanci, domin dogon kwanciya yana sa jini ya daskare a jijiyar ƙafa, gwiwa kuma ta sandare ta ƙi lanƙwasuwa. Haka nan allurar tana rage buƙatar magunguna masu ƙarfi irin su mofin da taramol, waɗanda ke kawo amai, jiri da taurin bayan gida.

Abin da za ku faɗa wa likita kafin aiki

1. Idan wata allura ko magani ya taɓa ba ku matsala.
2. Idan kuna shan maganin tsinka jini, kamar asfirin.
3. Idan kuna da ciwon suga, hawan jini, ciwon ƙoda ko gyambon ciki.
4. Idan kun saba shan taramol. Kada ku ɓoye don kunya, gama jikin da ya saba da shi yana buƙatar tsari dabam.
5. Duk saƙe-saƙin gargajiya da kuke sha.

Ba kowane asibiti ne yake da na'urar da ƙwararren da zai yi allurar ba. Ku tambaya tun kafin ranar aiki ko za a yi muku ita, da nawa ne kuɗinta, da abin da za a ba ku idan ta sake ku.

Kula da ƙafa kafin allura ta saki

Ƙafar za ta yi nauyi, ko ku ji kamar minjirya ta kama ta. Wannan ba abin tsoro ba ne. Amma ƙafar da ba ta jin zafi ba ta iya gargaɗin mai ita, don haka:

1. Kada ku tashi ku kaɗai, ko da zuwa bayan gida ne. Ku kira ma'aikacin jinya, ku riƙe abin dogarawa.
2. Kada mai jinya ya gasa ƙafar da ruwan zafi ko ya kusanto da garwashi. Tana iya ƙonewa ba ku sani ba.
3. Ku sha maganin da aka rubuta muku a kan lokacinsa tun zafi bai dawo ba. Idan allura ta saki, zafin yakan taso gaba ɗaya, sau da yawa cikin dare.
4. Babban mutum kada ya wuce ƙwayar farasitamol 8 masu miligiram 500 a kwana guda.

Alamomin haɗari

Matsala mai tsanani ba ta cika faruwa ba, amma ku sanar da ma'aikaci nan take idan kun ji ɗanɗanon ƙarfe a baki, ko ƙara a kunne, ko leɓe ya mutu, ko jiri mai tsanani. Waɗannan suna nuna cewa maganin ya shiga jini da yawa. Haka kuma idan wurin allura ya kumbura ya yi ja, ko ƙafa ba ta farfaɗo ba bayan lokacin da likita ya faɗa.

Bayan an koma gida

Hanya daga Kano zuwa Matameye ta Daura tafiya ce ta awoyi. Ku nemi wurin miƙe ƙafa a mota, a tsaya lokaci-lokaci ku motsa idon sawu. Ku taho da takardar sallama wadda ta nuna magungunan da aka ba ku, ku kai ta asibitin Matameye domin wankin rauni da cire zare, wanda akan yi bayan kamar mako 2. Ku tanadi gado da kujera masu tsayi, da wurin zama a bayan gida, gama tsugunno da zaman tabarma suna da wuya a makonnin farko.

Kada ku sayi taramol wurin masu tallar magani a kasuwa. Ba a san ƙarfinsa ba, yana kama jiki, yana kuma iya jawo farfaɗiya. Kada wanzami ko maɗori ya taɓa gwiwar, domin ƙwayar cuta idan ta kai ga ƙarfen tana da wuyar fita. Idan kun ga zazzaɓi, ko mugunya a rauni, ko sha-raɓa ta kumbura tana ciwo, ko numfashi ya yi wuya, ku tafi asibiti a ranar, kada ku jira gari ya waye.

Allurar jijiya taimako ne na kwanakin farko kawai. Abin da zai mayar da gwiwa bakin aikinta shi ne motsa ta kullum yadda ma'aikacin gashin ƙashi ya koya muku, har tsawon watanni.