Ko Kun Sani?

A Amurka doka ta yarda mutum ya haɗa ƙaramin jirgin sama a garejin gidansa, a duba masa, ya tashi da abinsa. Sai dai inda ya bi da bututun mai, da inda ya kafa makunninsa, na iya zama ajali.

Ranar 12 ga Oktoba 1997 mawaƙi John Denver ya faɗa teku kusa da Monterey, jihar Kalifoniya, cikin jirgi samfurin Long-EZ. Burt Rutan, mai zanen jirgin, ya tsara makunnin sauya tanki tsakanin ƙafafun matuƙi. Wanda ya haɗa shi kuwa, don kada bututun mai ya ratsa wurin zama, sai ya mayar da makunnin bayan kafaɗar hagu. Garin neman gira aka rasa ido. Da man tanki ɗaya ya ƙare, tilas Denver ya murɗa jiki baya yana lalube. Hukumar binciken haɗura ta NTSB ta ce a haka ƙafarsa ta danne fedar da ke karkata jirgi dama, jirgin ya ƙwace masa.

Denver sayen jirgin ya yi, ba shi ya haɗa ba.